Shokazobar iska ta keken hawan dutse: a bincike ta kafin a yanke mata hukunci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da wasu za su ga bai kai a kawo shi shafin jarida ba, alhali yana cin kuɗin masu ƙaramin ƙarfi a nan Katsina, kuma idan aka yi masa gangancin da na gani da idona, yana iya fasa wa mutum fuska.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, da yawa daga cikinmu muka jingine babura muka koma kan keke. Sai dai kekunan da suka cika gari a wannan karon ba irin Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau ba ne. Yawancinsu na kwatano ne, kuma a cikinsu akwai na hawan dutse masu kaurin taya da giya barkatai, waɗanda aka ƙera domin duwatsun Turai da Amurka. Wasu daga cikin waɗannan suna da shokazoba a ƙarƙashin sirdi, tsakanin jikin keken da ƙafar baya, kuma a masu tsadar cikinsu ba za ka ga sifirin a jikinta ba, domin iska ce a matse cikin wani ɗan gwangwanin alminiyam take ɗaukar nauyin mahayi. Irin wannan na saya a ƙarshen waccan shekara, ina zuwa wurin aiki da shi, ranar Asabar kuma in bi hanyar Kaita zuwa gona, kuma gaskiyar magana duk wanda ya saba da bugun da tsohon keke yake yi wa ƙugu a kan burji, ranar da ya hau wannan zai san an ci gaba.

Wata safiya cikin hunturu na ɗora jikina a kan sirdi sai na ji keken ya durƙusa kamar raƙumin da za a yi wa lodi, feda tana shafar ƙasa a kowace kwana. Na tura shi wurin mai faci na bakin titinmu, shi kuma da ya ga bawul irin na tayar mota a jikin shokazobar, sai ya jawo tiyon kwampireso ya danna. Ba abin da ya canza. Na biyun da na je wa ya ce ta mutu, a cire ta a yanko ƙarfe a ɗaura a gurbinta, ko a nemo ta babur a rage mata tsawo. Na uku ya riga ya ɗauko babbar filaya zai kama sandarta mai santsi ya murɗe, da ƙyar na riƙe hannunsa. Ba na ganin laifin ko ɗayansu, domin mutane ne da suka ƙware a ɗaurin waya da gyaran firwil da zuba boris, waɗanda ko cikin duhu za su haɗa maka keke, amma wannan abu baƙo ne a hannunsu, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu cikinsa.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne iskar shokazoba kaɗan ce ƙwarai amma matsinta mai yawa ne. A ma'aunin da masu faci suke ƙirga iskar taya da shi, wanda ake rubuta psi a fuskar geji, tayar ƙaramar mota tana shan awo 30 zuwa 35, ita kuwa shokazobar baya, ga mutum matsakaici, tana neman 150 zuwa 200, wani lokaci fiye. Kwampireson bakin titi ba ya kaiwa nan, famfon hannu na taya kuwa ko kusa. Tana da nata famfo, siriri kamar sarewa, mai geji da yake kaiwa 300, kuma an yi bakinsa yadda bawul zai rufe kafin tiyo ya saki. Wanda ba shi da wannan famfo ba zai iya cewa shokazoba ta mutu ko tana da rai ba, kamar yadda ba a auna zinari da mudu. Ni sai da na sa ɗan wana da yake karatu a Kano ya nemo mini shi, ya aiko ta hannun direba.

Da famfon ya iso na koma wurin wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, wanda tun ina yaro yake yi wa mahaifina aiki, na ce masa, Baba, ina so mu duba abin nan tare, ni da abin da na karanta a takardun masu ƙera shi, kai da hannunka. Ya yi dariya ya ce in dai ba za a ce shi ya ɓata ba, bismillah. Muka fara da mafi sauƙi. Muka ba ta iska, ya lakato yawu da ɗan yatsa ya shafa a bakin bawul kamar yadda yake yi wa kowace taya, muka zuba ido, sai ga ɗan kumfa yana tasowa a hankali. Ƙwayar bawul ɗin ta yi sako-sako, ya sa ɗan makullinta ya ƙara mata rabin murɗi, kumfan ya tsaya. Na tabbata akwai shokazobobi da dama da aka jefar a garin nan waɗanda ciwonsu bai wuce wannan ba, kuma ƙwayar irin ta tayar mota ce, ba ta kai kuɗin kofin shayi ba.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata in warware, domin ni ma ya ruɗe ni kwana biyu. Idan ka kwance famfo za ka ji tsit, sai ka ɗauka iskar shokazoba ce ta gudu, alhali wadda ta rage cikin tiyon famfon ce. Haka kuma idan ka sake ɗaura famfon domin ka duba, geji zai nuna ƙasa da abin da ka bari da kamar awo 10, saboda sai iskar ciki ta cika tiyon tukuna allura ta motsa. Wanda bai san haka ba zai yi ta zargin yoyo inda babu shi. Sannan iska tana bin yanayi: abin da ka auna da tsakar ranar Afrilu, lokacin da zafin Katsina yake haura digiri 40, ba shi za ka tarar da asubahin Janairu ba, bambancin yana iya kaiwa awo 10 zuwa 15 ba tare da ko ɗigon iska ya fita ba. Yoyon gaskiya shi ne wanda za ka bar ta da 160 da dare, ka wayi gari tana 90.

Tawa ta yi hakan, duk da gyaran bawul. Muka kwance ta daga jikin keken da alanki, muka cika ta, muka nutsa ta cikin bokitin da Baba yake neman hujin tib, sai ga ƙananan kumfa a jere suna fitowa daga bakin gwangwanin, daidai inda sandar take shiga da fita. Wannan ya nuna robar bakin ce ta gaji. Amma akwai abin da ya fi wannan damuna, wanda shi ne ainihin dalilin rubuta wannan wasiƙa. A jikin shokazobar an rubuta tsawonta daga ido zuwa ido, wato tsakanin ramukan ƙusa biyu da ake ɗaura ta da su sama da ƙasa, milimita 190, da muka sa tef muka auna bayan an sace iskar gaba ɗaya, sai muka ga ta shige cikin kanta kusan ƙarshe, mun ja da hannu ta ƙi fitowa, mun ba ta iska har 250 ba ta miƙe duka ba.

Dalilin yana cikin yadda aka gina ta. A cikin gwangwanin akwai fistin da ya raba shi ɗaki biyu. Babban ɗakin shi ne wanda bawul yake cikawa, shi yake ɗaukar mahayi. Ƙaramin yana bayan fistin, aikinsa ya riƙa ja ta ɗaya ɓangaren domin kada farkon lotsawar ya yi tauri, kuma a yawancin na zamani an yi ɗan lotsi a bangon gwangwanin ta ciki, wanda idan fistin ya zo daidai kansa iskar ɗakunan biyu take daidaita kanta. Zoben roba ɗaya ne tak a jikin fistin yake raba su. Idan wannan zobe ya bushe ko ya tsage, sai iska ta tsallaka daga babban ɗaki zuwa ƙarami lokacin da aka danne shokazobar, ta kasa komowa, ta tsotse sandar ciki ta riƙe. Abin haɗarin shi ne bawul bai san da ƙaramin ɗakin ba. Za ka danna shi har ya yi shiru, ka rantse babu sauran iska, alhali akwai awo ɗari da wani abu a kulle, kuma da zarar ka kwance zaren gwangwanin na ƙarshe zai fita kamar harsashin bindigar toka. Mai gyara kuwa yakan sunkuya ne a kan abin da yake kwancewa, yara masu koyon aiki suna tsugune a gefensa.

Su kansu kamfanonin da suke ƙera shokazobar sun yi gargaɗi a kan wannan. Fox, wanda Bob Fox ya kafa a Kalifoniya a 1974, ya rubuta a takardunsa cewa shokazobar da ta maƙale haka a mayar da ita wurin ƙwararrunsa, kada a buɗe. RockShox, wanda Paul Turner ya kafa a 1989 kuma kamfanin SRAM ya saye shi a 2002, yana umartar mai buɗewa ya zura tsumma ta cikin idon ƙasa kafin ya taɓa gwangwanin, domin ko ya kuɓuce tsumman ya tare shi. Tsakanin Katsina da waɗancan ƙwararru akwai tafiya, don haka muka bi hanya ta biyu da dukan taka-tsantsan. Muka kori yaran, muka kama idon sama a bais da katako biyu a gefe domin kada haƙoransa su ci alminiyam, muka zura tsohon tawul mai kauri ta idon ƙasa muka ƙulle, na sa gilashin da masu walda suke sawa na gurza ƙarfe, muka juya bakinta wajen bango. Ba mu sa filaya ba, Baba ya naɗa yankin tsohon tib a jikin gwangwanin ya murɗa da hannu. Ƙarar da ta yi sai da mai shayi na tsallaken titi ya miƙe tsaye, gwangwanin ya daki tawul ɗin ya tsaya. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, ashe da rannan na kwance ta a kan cinyata da yanzu wani labarin ake yi.

Abin da muka tarar a ciki ya isa darasi. Man da ya kamata ya zama garai-garai ya koma wani jan kwaɓi kamar ƙasar gini, zoben fistin ya baje ya yi tauri, da ƙaramar tsaga a gefe ɗaya wadda sai ka lanƙwasa shi a rana za ka gan ta, robar bakin kuma leɓenta ya cinye. Wannan aikin ƙura ne da rashin mai. Ƙurar hunturu ta fi gari laushi, tana manne wa sandar, kowace lotsawa tana tura kaɗan ciki, kuma kada a manta keken ya riga ya yi shekarunsa a hannun wani kafin ya hau jirgin ruwa. RockShox yana cewa a buɗe gwangwanin a wanke a sake mai bayan kowace awa 50 ta hawa, Fox kuma yana cewa a yi cikakken sabis bayan awa 125 ko shekara guda. Mai zuwa aiki da keke awa ɗaya kullum zai cinye awa 50 kafin wata biyu, kuma waɗannan alƙaluma ba da ƙurarmu aka auna su ba. A ganina wanda ya wanke sau ɗaya kafin hunturu, sau ɗaya bayansa, ya kyauta.

Robobin suna zuwa ne a ƙunshi ɗaya, kowace shokazoba da nata, ana gane su da sunan samfuri da lambar da take jikinta. Na yi odarsu ta intanet, suka yi mako uku a hanya. Na san za a ce me zai hana a je layin masu kayan babur a zaɓo zobe mai kama da shi, kuma mun gwada domin mu gani: ya shiga, ya riƙe iska yini ɗaya, washegari ta koma gidan jiya, domin na ainihin ba kewayayye ba ne kamar na famfo, yana da leɓɓa huɗu. Wajen cire tsofaffin ba mu sa sukudireba ko allura ba, da tsinken sakace muka ɗago su, saboda ƙarzane ɗaya a cikin kwarmin da zoben yake zama ya isa ya zama hanyar iska har abada. Muka wanke komai da sifirit na kemis da farin ƙyalle marar gashi. Fetur da kananzir, waɗanda su ne sabulun kowane gareji, suna iya lalata roba, man birki kuwa yana kumbura ta, baƙin mai da giris ɗin boris mai kauri su ma ba wurinsu ba ne. Muka shafa ɗan giris mai laushi da ya zo tare da robobin, muka ɗiga mai kamar mililita 2 da sirinji, muka mayar da gwangwanin muka ɗaure da ƙarfin hannu kawai.

Ba da iska ma da ƙa'idarsa. Bayan an mayar da ita jikin keke, ana ba ta awo 50, a danna sirdi a hankali sau da yawa har a ji ɗan huci a ciki, alamar ɗakunan biyu sun gaisa, sannan a ƙara 50, a sake dannawa, har a kai inda ake so, ba tare da an wuce iyakar da aka rubuta a jikinta ba. Inda ake so kuwa ba geji ne yake faɗa ba, nauyin mai keken ne. Akwai ɗan zoben roba a jikin sandar da mutane suke ɗauka kwalliya ce. Ana tura shi ya manne da bakin gwangwani, mutum ya hau a hankali ya dafa bango, ya sauka ba tare da ya yi tsalle ba, sai a auna inda zoben ya tsaya. Ana son ya tafi kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tsawon tafiyar sandar. Tawa tafiyarta milimita 50 ce, nauyina kilo 72, a awo 160 zoben ya tsaya a milimita 15, muka bar ta nan.

Ba zan ɓoye ba, akwai ciwon da ya fi ƙarfin rumfar Baba. Bayan an ji labarin tawa, wani maƙwabci ya kawo ta ɗansa, wadda take riƙe iska lafiya lau amma tana harbi kamar jaki bayan kowane rami, tana wani ƙara kamar ana taka caɓi, kuma jan maɓallin da yake rage saurin dawowarta ko an murɗa shi ƙarshe ba ya yin komai. Wannan ba matsalar gwangwani ba ce. A cikin sandar kanta akwai wani sashe a rufe mai cike da mai, wanda shi yake ladabtar da iskar, a bayansa kuma akwai wani fistin da aka matsa wa iska ko naitirojin awo ɗaruruwa. Idan iskar ta tsallaka ta gauraya da man, sai ya yi kumfa ya daina aiki. Gyaran wannan yana buƙatar kayan aiki na musamman, kuma ɗan ƙaramin murfin da ake gani a gindin sandar ba abin taɓawa ba ne. Muka ce masa ya hau a hankali har ya sami wata. Wani kuma ya kawo wadda aka riga aka kama sandarta da filaya, haƙoran sun bar sawu huɗu, ita kam ko an zuba sababbin robobi sawun zai yanka su cikin mako guda. Na uku ya zo yana cewa tasa tana ƙwanƙwasa, da muka ɗaga sirdi a hankali muka ji motsin a wurin ƙusa yake, bushin idon ne ya cinye, shokazobar ba ta da laifin komai.

Ga wanda tasa ta mutu da gaske, shawarata kada ya yarda a ɗaura masa ƙarfe. An ƙera jikin keken ne bisa cewa wurin nan zai riƙa lotsawa, idan aka sandare shi duk bugun hanya zai koma kan ƙusoshi da mahaɗar alminiyam, wadda idan ta tsage ba kowane mai walda ne yake iya ɗinke ta ba. Mai sifirin ta keke tana iya maye gurbinta, kuma ta fi haƙuri da ƙura, amma da sharaɗin tsawonta daga ido zuwa ido da tsawon tafiyarta su zo daidai da na tsohuwar, domin idan tafiyar ta fi yawa tayar baya za ta daki jikin keken a rami na farko. Mai niyyar saye kuma ya duba sandar tun a kasuwa, ya shafa ta da farce ya ji ko akwai ƙarzane, ya hau ya ji yadda take dawowa. Wanda kuwa buhun masara ko jarkokin ruwa zai riƙa ɗauka, in faɗa masa gaskiya, wannan ba kekensa ba ne, tsohon baƙin keke mai kariya ya fi masa sau goma.

Roƙona ga 'yan kasuwar da suke shigo da waɗannan kekuna shi ne su riƙa haɗowa da famfunansu da ƙunshin robobi, ko kaɗan ne, domin wanda ya sayar da fitila ya kamata a sami lagwani a shagonsa. Shugabannin masu gyaran keke su ja kunnen yaransu a kan buɗe gwangwanin da ya maƙale, sashen koyon aikin injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina kuma zai iya tara su na yini ɗaya a yanka tsohuwar shokazoba gida biyu a nuna musu cikinta. Kai kuma, Malam Edita, da za ka ware ɗan gurbi a jaridarka ga masu sana'ar hannu su riƙa bayyana irin waɗannan abubuwa da Hausa, da an rage asara, domin takardun da na dogara da su duk da Turanci suke, Baba kuwa ajami yake karantawa.

Yau wata bakwai ke nan da gyaran, ina goge sandar da tsumma duk lokacin da na dawo daga gona, ina duba geji ranar Juma'a, kuma ban ƙara mata iska fiye da sau uku ba. Famfon na bar shi a rumfar Baba, yana rataye a ƙusa kusa da tawul ɗin nan, wanda ya hana kowa goge hannu da shi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Ƙofar Marusa, Katsina.